Mutumin da babu shi a cikin zanen

A gefen titi na sayi littafin, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kan leda, wata shekara da aiki ya kai ni Yamai. Bangonsa ya yage, ruwa ya taɓa cin gefe guda har takardun suka kumbura, kuma Faransancina a lokacin bai wuce na cinikin kasuwa ba. Don hotunan na saya. Aikin masu zanen Faransa ne na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, yawancinsu na mutanen bakin teku: mata cikin baƙaƙen kaya, jirage masu filafilai, maza masu hannaye kamar saiwar itace.

Shafin da ya fi tsayar da ni shi ne na Charles Cottet, zanen da ya yi wajen 1908, wanda ma'anar sunansa ita ce baƙin ciki a ƙasar teku. An tsamo wani masunci daga ruwa, an shimfiɗe shi a bakin kwata a tsibirin Sein, can gaɓar yammacin Faransa. Ƙirjinsa a buɗe, fatarsa ta koɗe irin ta wanda ya kwana a ruwa. Mata sun kewaye shi cikin baƙin mayafi, ɗaya jikinta ya saki har sai da aka tallabe ta. A bayansu ga gidajen garin, ga filafilan jirage jajaye. Asalin zanen ya fi mita 3 faɗi, mallakar gidan adana zane na Orsay ne a Paris. Wanda ya saba ganin zanen coci zai gane cewa Cottet ya jera mutanen nan ne yadda Kiristoci suke zana saukar da Annabi Isa daga gicciye bisa aƙidarsu. Wato ya ɗauki talakan masunci ya kwantar da shi a gurbin da ake keɓe wa tsarkaka.

Wata rana Gwaggona ta same ni a tsakar gida ina buɗe littafin. Gwaggo 'yar bakin kogi ce, daga ƙasar Yawuri, kuma mijinta na fari ruwa ne ya ci shi tun ban san kaina ba. Ba a ga gawarsa ba. Ta karɓi littafin, ta nesanta shi da idonta yadda tsofaffi suke yi, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi salati ta miƙo mini. Sai ta ce, "Ɗan nan, ai waɗannan sun yi sa'a, sun samu nasu." Can kuma ta ɗora yatsa a kan filafilan da ke baya, ta ce, "Jirgin na waye?"

Ban da amsa, kuma Cottet ma bai bayar ba. Na bi littafin shafi-shafi daga baya, na nemi wasu zanen irinsu a intanet, tambayar Gwaggo tana bina. Na ga uwa, na ga matar aure, na ga maraya, na ga limamin coci, na ga igiyar ruwa iri-iri. Mutum ɗaya ne ban taɓa cin karo da shi ba, shi ne mai jirgin. Ra'ayina ke nan a kan wannan zane mai ban tausayi da Faransa ta yi ta yayi na kusan shekara 40: ya nuna mai kuka ƙuru-ƙuru, ya bar wanda ya kamata a tambaya a waje. A cikinsa teku ne kaɗai mai laifi, kuma teku ba ya zuwa kotu.

Bari in faɗi abin da ke bayan hotunan, don kada a ce ƙazafi nake yi wa matattu.

Akwai wani ɗan gari mai suna Paimpol a yankin Bretagne, wanda yanki ne na Faransa, kada a rikita shi da Birtaniya. Daga 1852 zuwa 1935 sana'ar garin ita ce tura jirage zuwa ruwan Aisilan, can arewa mai ƙanƙara, don kamun kifin kod. Irin kifin ne da 'yan'uwanmu na kudu suke saye a bushe suna kira okporoko, sai dai su Faransawa gishiri suke zuba masa a cikin jirgi. Ana tashi a watan Fabrairu, a dawo wajen Agusta ko Satumba. Kowane jirgi na ɗauke da mutum 20 da 'yan kai, har da yara ƙanana masu yi wa manya hidima. Da ƙugiya da igiya ake kamun, mutum yana tsaye a gefen jirgi awa da awanni, ruwan sanyi yana tsattsaga masa hannu. Ladansa gwargwadon abin da ya kama ne, shi ya sa kowa yake yanke harshen kifinsa yana tarawa, da yamma a ƙirga. A cikin waɗannan shekaru 83, yankin Paimpol ya rasa jirage kusan 120 da mutum kusan 2,000. A lokacin da sana'ar ta fi bunƙasa, wajen 1895, jirage kusan 80 ne suke tashi daga garin a shekara.

Me ya sa Fabrairu, alhali kowa ya san lokacin ne tekun arewa ya fi hauka? Saboda a lokacin kifin yake taruwa, kuma wanda ya riga kai kaya kasuwa shi yake cin farashi. Ba jahilci ba ne. Bayan mummunar asarar da masuntan Dunkerque, wani garin bakin teku a arewacin Faransa, suka yi a 1839, hukuma ta taɓa hana tashi kafin watan Afrilu, daga baya aka janye hanin. Ke nan an san maganin, an ma gwada shi, aka ga yana rage riba. Masu jirage kan ba mutum kuɗin kafin alƙalami tun yana gida, ya ci, iyalinsa su ci, sai ya wayi gari ba shi da bakin cewa bana ba zai je ba. Suna kuma loda barasa cikin guzurin jirgi, a raba wa mutane kullum da sunan maganin sanyi, mutanen da ake so su tsaya da ƙafarsu a kan katako mai santsi cikin duhu. Gwamnati kuwa tana ba sana'ar tallafi, domin a wurinta wannan makaranta ce ta horar da matuƙan da rundunar sojan ruwa za ta ɗiba ran da yaƙi ya tashi. In jirgi ya nitse, mai shi yana iya komawa ga kamfanin inshora. Matar masunci kuma ta koma ga baƙin mayafi.

Ruwa ba ya tsami banza. Guguwa daga Allah take, babu mai musun wannan, amma ranar tashi da yawan barasa da lafiyar katakon jirgi, a ofis ake yanke su, da alƙalami.

To, a daidai wannan zamani ne layin dogo ya isa Bretagne, ya kai Quimper a 1863, ya kai Brest a 1865, masu zane suka yi ta kwarara daga Paris da akwatunan fenti. Sun tarar da abin da birni yake marmari: mutane masu tsohuwar shiga, masu riƙo da addini, masu wani harshe daban, ga talauci mai kyan gani. A Paris kuma akwai babban baje kolin zane na shekara-shekara, wanda suke kira Salon, inda mai zane yake samun lambar yabo da masu saye. Zanen mutuwar masunta ya zama haja mai tafiya. Ulysse Butin ya zana jana'izar wani matuƙi a Villerville, wani ƙauyen bakin teku a yankin Normandie, a 1878. Émile Renouf ya kawo matar da ke takaba a tsibirin Sein a 1880, tana durƙushe gaban kabari, ɗanta ƙarami a gefenta, teku a bayansu fari-fari kamar bai san abin da ya aikata ba. A 1886 Pierre Loti ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari a kan masuntan Aisilan, ya yi kasuwa ƙwarai, har 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa Paimpol neman wuraren da suka karanta. Wani tsohon gicciyen dutse da ke kan tudu a Ploubazlanec, inda mata kan tsaya suna hangen dawowar jirage, ya zama wurin ziyara da sunan gicciyen masu takaba. Da katin gaisuwa mai hoto ya shigo yayi wajen 1900, sai ga matan nan a kan kati, ana saye ana aika wa dangi da 'yar gaisuwa a baya cewa hutu yana daɗi.

Ka yi tunanin wanda yake tsaye gaban zanen Renouf a zauren baje koli, da sandarsa da doguwar hularsa. Ransa ya sosu, wataƙila har idonsa ya kawo ruwa. Ya fita yana jin shi mutum ne mai tausayi. Babu abin da zanen ya nema a wurinsa bayan wannan. Bai tambaye shi nawa ake sayar da kifin da ya ci ba, bai nuna masa littafin lissafin mai jirgi ba. Ita kanta gwamnatin da take tallafa wa sana'ar ta sayi wasu daga cikin zanen ta rataye a gidajenta na adana kayan tarihi. Da zanen yana cizo, da ba ta saya ba.

Akwai ma wani abu da ya ba ni dariyar takaici. Baƙin ɗankwalin matan Sein, wanda baƙi suke ɗauka alamar mazan da teku ya cinye, masu tarihin tsibirin suna danganta zamansa kayan yau da kullum da annobar kwalara ta 1886. Ciwon da ƙazamin ruwan sha yake kawowa. Amma wa zai sayi zanen kwalara ya rataye a falo?

Kada a ce mini zane ba ya iya nuna yatsa, domin Faransa da kanta ta ga wanda ya nuna. A 1816 jirgin sojan ruwa mai suna Méduse ya kafe a gaɓar Muritaniya a hanyarsa ta zuwa Senegal. Kyaftin ɗin ya shafe kusan shekara 20 bai ja jirgi ba, biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Manya suka shige ƙananan kwale-kwale, aka bar mutum kusan 147 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure. Bayan kwana 13, mutum 15 aka samu da rai. Mai zane Théodore Géricault ya zauna da waɗanda suka tsira, ya ji daga bakinsu, ya fito da zanensa a 1819. Shi ma bai zana fuskar kyaftin ba, amma ya zana jirgi takamaimai da kowa ya san labarinsa, don haka duk wanda ya tsaya gabansa ya san wa ake nufi, kuma masu mulki ba su ji daɗi ba. Bambancin ke nan. Gawar da ke zanen Cottet ba ta da suna, jirginta ba shi da suna, ranar mutuwarta ba ta da kwanan wata. An mayar da ita kowa, kuma abin da ya zama na kowa ba a bin kadinsa.

Sai dai zan zama marar adalci in na tara su duka a kwando ɗaya, kuma na daɗe ina gardama da kaina a nan.

Alfred Guillou ba baƙo ba ne. Ɗan Concarneau ne, wani garin masunta a Bretagne, a bakin ruwan aka haife shi, cikin gidan matuƙa. Zanensa na 1892, wanda yake Quimper yanzu, sunansa kalma ɗaya ce, ta ban kwana. Kwale-kwale ya kife, uba ya maƙale a jikinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ɗansa wanda rai ya riga ya bari ko yana gab da bari, yana sumbatarsa kafin ya sake shi. Ruwa ya tashi a bayansu kamar gini. Na gwada kallon wannan zane da idon mai suka, na kasa. Duk mai ɗa zai kasa. Virginie Demont-Breton kuma ta bar birni ta tare a Wissant, wani ƙauyen masunta a arewacin Faransa, ta yi shekaru a cikinsu. A zanenta na 1889 babu gawa, babu igiyar ruwa. Mace ce zaune gaban murhu da dare, jariri yana barci a cinyarta, idonta a kan wuta, hankalinta yana wani wuri. Maigidan yana teku, abin da sunan zanen yake faɗa ke nan. Shahararren mai zanen nan Van Gogh ya ga hotonsa a lokacin da yake jinya a Saint-Rémy, ya kwaikwaye shi a wannan shekarar. Shi ma Cottet, in za a faɗi gaskiya, ba ɗan kwana biyu ba ne a gaɓar Bretagne da tsibiranta. Ya yi ta komawa shekara da shekaru, kuma duhun fentinsa ya sa aka laƙaba musu, shi da abokansa irin su Lucien Simon, sunan baƙar ƙungiya, a zamanin da kowa yake zana hasken rana da furanni.

Mai kare su zai ce: kafin waɗannan, manyan alluna na sarakuna ne da janar-janar da gumakan Girka. Su ne suka ce matar masunci ta isa a zana ta da girman mutum, a rataye ta inda ake rataye sarauniya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Zai kuma ce tausayin da suka shuka ya taimaka wa ƙungiyoyin agaji, tunda a zamanin ne aka kafa ƙungiyar ceton waɗanda jirgi ya kife da su a 1865, aka fara tura jiragen asibiti su bi masunta a shekarun 1890, aka yi dokar asusun taimakon matuƙa da iyalansu a 1898. Mai yiwuwa tausayin ya sa hannu. Amma ka duba irin taimakon: ceto bayan an kife, magani bayan an jikkata, 'yan kuɗi bayan an mutu. Duk sadaka ce, kuma sadaka ba ta tambayar mai bayarwa inda ya samo. Ranar da matan Bretagne suka samu ƙarin haƙƙi da gaske, ba zane ne ya ba su ba. A ƙarshen 1924 matan da ke aiki a masana'antun kifin gwangwani na Douarnenez, waɗanda yawancinsu matan masunta ne da 'ya'yansu, suka ajiye aiki sama da mako 6 har aka ƙara musu lada a Janairun 1925. Matan da aka saba zanawa shiru, kai a sunkuye, su ne suka cika titi da waƙa da ihu. Wannan hoton bai samu masu zane da yawa ba.

Abin da ya fi kama ni a duk binciken nan, ba a gidan adana zane yake ba. Abin da mutanen suka yi wa kansu ne, ba don idon Paris ba.

A tsibirin Ouessant, shi ma a Bretagne, in labari ya tabbata cewa mutum ya ɓace a teku, akan yi wani ɗan ƙaramin gicciye na kaki, wanda bai fi tafin hannu ba. A kai shi gidan mamacin da dare, a ɗora a kan tebur, a kunna kyandir, dangi su kwana zaune kewaye da shi kamar gawa ce. Da safe a ɗauke shi zuwa coci a yi masa duk abin da ake yi wa mamaci, daga baya a tara shi da 'yan'uwansa a wani ɗan gini a maƙabartar Lampaul. Suna kiran al'adar proella, kuma sai a farkon shekarun 1960 aka daina. Ba addinina ba ne, ba kuma al'adata ba, amma na gane ciwon da ya haife ta. Shi ne ciwon da ya sa Gwaggo ta ce waɗancan sun yi sa'a. Wanda bai ga gawa ba bai san ranar da zai fara takaba ba. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, ta jira shekara 4, sannan ta yi idda ta wata 4 da kwana 10. Gwaggo ba ta kai haka ba, domin akwai waɗanda suka ga nitsewar da idonsu suka ba da shaida. Duk da haka ta ce mini ta fi shekara tana jin motsi a zaure ta ɗaga kai.

A Ploubazlanec kuma, kusa da Paimpol, akwai bango a maƙabarta wanda ake kira bangon waɗanda suka ɓace a teku. Alluna ne a jere, shekara bayan shekara, da sunayen jiragen da ba su dawo ba da yawan mutanen da suka tafi da su. A shirayin ɗan cocin Perros-Hamon da ke kusa, iyalai sun kafa nasu allunan katako: sunan mutum, shekarunsa, jirginsa, shekarar da ya ɓace a Aisilan. Babu gwanintar fenti a ciki, wani rubutun ma a karkace yake. Amma a nan ne kaɗai tambayar Gwaggo take da amsa, domin jirgi yana da suna, kuma kowa a garin ya san mai shi. In ka ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau uku, ka ga ɗan shekara 16 kusa da ɗan shekara 50, ba ka bukatar wanda zai nuna maka yadda ake kuka. Kana iya ƙirgawa. Ƙirga kuwa ita ce abin da mai laifi ya fi tsoro.

Na san mai karatu ya riga ni isowa inda za ni. Mu ba mutanen zanen mutum ba ne, malamanmu suna da magana a kai, ba kuma ina kiran a fara ba. Amma muna da namu Salon ɗin, yana cikin aljihun kowa. A watan Mayun 2021 jirgi ya nitse a kogin Neja kusa da Warrah a jihar Kebbi, da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Bagwai a jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu 'yan Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. Kowane karo abin da ke biyo baya iri ɗaya ne. Hotunan gawawwaki a jere kan tabarma su cika Facebook da WhatsApp, har da na yara, ba a nemi izinin uwa ba, ba a ko rufe fuska ba. Mu rubuta Innalillahi, mu sa alamar hawaye, mu tura wa na gaba. Cottet ko ba komai ya yi shekaru yana zama da mutanen kafin ya zana su, ya kuma ba gawar mutunci. Mu a minti ɗaya muke yi, mutuncin ma babu. Abin da muka gada daga gare shi shi ne giɓin nan kaɗai: a hotunanmu ma babu mai jirgin, babu wanda ya karɓi kuɗin mutum 100 a jirgin mutum 50, babu jami'in da aka ɗora wa duba lodi da rigunan kariya da hana tafiyar dare.

In ka ɗaga wannan magana a zaman makoki, za a ce maka kwana ne ya ƙare, kuma wanda ruwa ya ci shahidi ne. Na yi imani da duka biyun. Amma shahadar wanda ya nitse daraja ce tasa, ba wanki ba ce ga wanda ya yi lodin. Addinin da ya ba shi shahada shi ne kuma ya ajiye diyya a kan kisan kuskure, shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Faransawan wancan zamani sun lulluɓe sakacinsu da kyan fenti. Ina tsoron mu da kalmar ƙaddara muke lulluɓe namu, kuma tamu rigar ta fi tasu kauri, domin mai ɗaga ta sai a ce imaninsa ne da rauni.

Da za a tambaye ni abin da ya cancanci aro daga gaɓar Bretagne, bangon nan zan nuna. Allo a bakin kowace kwata da aka taɓa yin asara, ko na siminti ne, da rubutun boko da na ajami: ranar da abin ya faru, sunayen waɗanda suka rasu da shekarunsu da garuruwansu, adadin da jirgin ya kamata ya ɗauka, adadin da ya ɗauka. Ba gunki ba ne, ba hoto ba ne, babu malamin da zai ce haramun ne a rubuta suna. Mai shiga jirgi gobe zai wuce ta gabansa, mai lodi ma haka. Yau in ka tambayi mutum nawa ne suka rasu a Warrah, kowane bakin da ka taɓa da nasa adadin, domin ba a rubuta sunan kowa ba lokacin shiga. Mutanen Paimpol, da duk zaluncin da aka yi musu, sun san nasu ɗaya bayan ɗaya, saboda ba a tashi sai an rubuta sunan kowane matuƙi a rajista.

Littafin yana nan a wurina, ya ƙara tsufa. Ranar nan da Gwaggo ta gama da shafin Cottet ba ta miƙo mini ba, ta ci gaba da buɗawa da yatsa mai yawu har ta iso kan matar nan ta Wissant da jaririnta a gaban murhu. Na fara yi mata bayani cewa mijin yana teku, ta ɗaga mini hannu alamar ta sani. Ta ƙura wa hoton ido, sannan ta ce, "Wutar nan ta kusa mutuwa. Ta tashi ta ƙara itace, dare da sauransa."